Kai da kwamfutarka da farashin dala

Ɗana, an ce mini ka ƙaurace wa teburin mai shayi na bakin tashar Jambutu, kana kwana kana haɗa manhaja da Python wai ta faɗa maka farashin dala na gobe. Madalla, ya fi zaman kashe wando.

Dabarar da ka ɗauko ta Joseph Fourier ce, Bafaranshen da ya wallafa littafinsa kan yaɗuwar zafi a 1822: layi mai hawa da sauka ana iya warware shi zuwa igiyoyi, kowace da lokacin zagayowarta. Tana aiki inda abu ke maimaita kansa. Ba ta awon ruwan Binuwai na shekara ashirin, za ta fito maka da cikar damina da janyewar rani. Ranar da za a buɗe madatsar Lagdo a sako wa kogin ruwa ce ba ta sani ba, kuma halin naira ke nan. Ranar 14 ga Yuni 2023 Babban Bankin Nijeriya ya sakar mata mara, dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta haura 700 kafin ƙarshen watan. A Fabrairu 2024 ta kusa 1,900 a hannun 'yan canji, a Afrilu ta sauko wajen 1,100. Wace igiya ce ta hango wannan? Sefar da mutanen Kamaru ke shigowa da ita Mubi da Jimeta kuwa ɗaure take da yuro, sefa 655.957 kan yuro ɗaya, amma ita ma a Janairu 1994 dare ɗaya aka zabge rabin darajarta.

Tun 1983 masana biyu, Richard Meese da Kenneth Rogoff, suka gwada manyan lissafe-lissafen canji, suka tarar ba su fi mai cewa gobe kamar yau ba. To, mai cewa gobe kamar yau ɗin nan shi ne abokin kokawarka. Ɓoye wa manhajar farashin wata shida na ƙarshe, ta yi hasashe, sannan ka gwada. Ka lura da matatar da ke daidaita layi, sau da yawa tana leƙen kwanakin gaba, sai zane ya yi kyau har ka ɗauka ka gano sirri. Ka kuma cire ratar saye da sayarwa, don ɗan canji ba kyauta yake zama ba.

Kuɗin adashen babarka kada su shiga ciki, haka na abokai. Rubuta hasashenka a littafi kowace safiya, da kwanan wata, har shekara ta zagayo. Ranar Juma'a bayan masallaci ka zo mini da kwamfutar, ina son in ga yadda take zana watan Yunin 2023 ɗin nan.