Ina zan hau babur mai ƙafa huɗu a Libreville?

Tambaya: Malam, na sayi babur mai ƙafa huɗu. Abokaina sun ce mu kai shi bakin teku a Pointe Denis. Ya halatta? Daga wani ɗan kasuwa a Mont-Bouët.

Amsa: Allah ya sanya alheri, ɗan'uwa. Amma ka dakata tukuna. Pointe Denis na maƙwabtaka da gandun dajin Pongara, ɗaya daga cikin gandaye 13 da Gabon ta keɓe a 2002. Daga Nuwamba zuwa Maris, manyan kunkurayen teku kan fito da dare su binne ƙwai cikin yashin nan. Taya na bi ta kai, shi ke nan, an yi ɓarna. Kada ka shiga kowane gandu, har da Akanda, sai da izinin ANPN, hukumar da ke kula da gandayen.

Ni dai da za ka ji tawa, ka nufi wajen Cap Estérias, ka bi hanyoyin jar ƙasa da motoci suka saba bi, tsakanin Yuni da Satumba kafin ruwa ya mayar da su taɓo. Riƙe lasisi, inshora da takardun babur, don jandarmomi kan tsare hanya. Sa hular kwano. In kun isa ƙauye, ka gai da mai gari, ka rage gudu, kada ka ratsa gonar rogon mutane.