Ƙofar Silin: Jan Kunne ga Masu Gini a Birnin Katsina

Kowace shekara idan hunturu ya kama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hukumar kashe gobara takan yi ta jan kunnen jama'a kan garwashi da risho da hitar dafa ruwa. Mutanen Katsina ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wuta, domin ba su manta da safiyar Litinin 22 ga Maris 2021 ba, ranar da babbar kasuwa ta kama, dukiya mai yawa ta zama toka. Amma akwai wani wuri a gidajenmu na zamani da wuta ke son farawa, wanda maigida kan shekara goma bai leƙa ba. Wurin nan shi ne tsakanin kwano da silin.

Kakanninmu ba su san wannan matsala ba. Soron ƙasa azara ce da yaɓe, babu wani kogo a ɓoye. Kafin damina magini ya kafa tsani ya hau, ya toshe tsaga, ya gyara indararo, shi ke nan. Yau kuwa, daga Ƙofar Ƙaura har sababbin unguwannin bayan ganuwa, gida kwano ne a sama, silin a ƙasa, tsakaninsu busasshen katako da wayoyin lantarki birjik. Wata wayar an haɗa ta da salatif tun ranar da aka tare. Wata siririya ce, an ja ta don ƙwan fitila, daga baya aka ɗora mata firji da na'urar sanyaya ɗaki. Zafin Afrilu, da ke haura digiri 40 a inuwa, yana gasa robar wayar har ta tsattsage. Ɓera ya zo ya ƙarasa aikin da haƙori. Ranar da kamfanin wutar lantarki KEDCO ya maido wuta da ƙarfi tsakar dare, tartsatsi ɗaya ya isa, kuma mutanen gida ba za su farga ba sai hayaƙi ya cika ɗaki.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da kashe fitila kafin barci, ya kuma ambaci ɓera da kan ja lagwani ya ƙona gida da mutanensa. Ɓeran yana nan bai tuba ba, sama kawai ya koma.

Ku dubi manomi da rumbunsa. Komai kyan rumbu, komai santsin yaɓensa, sai ya bar masa baki a sama. Lokaci zuwa lokaci ya ɗaga murfi, ya zura kai, ya shinshina, ya ɗebo zangarniya ya murza a tafin hannu, ya ga ko gara ta shiga, ko danshi ya taɓa gero, ko ƙwari sun fara mai da shi gari. Da za a ce wani ya shafe bakin rumbunsa ruf don ya fi kyan gani, da yaran gari sun yi masa waƙa. To, ga mai digiri ya kashe miliyoyi a silin fiyofi mai zane da fitilu kala-kala, ya hana a bar ƙofa ko ɗaya, wai za ta ɓata masa ado. Haba Alhaji! Ranar da wayarin ya samu matsala, sai dai a fasa adon da guduma, ko mai gyara ya ja sabuwar waya ta waje ya bar ruɓaɓɓiyar a ciki da wuta a jikinta. Wannan ganganci ne da rayukan iyali, waɗanda amana ce da za a tambaye ka a kanta.

Saboda haka tun ana kafa katako a gaya wa kafinta ya bar ƙofar silin. Faɗinta kada ya gaza ƙafa biyu kowane ɓangare, wato kamar santimita 60, yadda babban mutum zai shiga da tocila da akwatin kayan aiki. A yi mata firam na katako mai ƙwari, don a kansa mai hawa zai dafa. Murfin ya zama na ƙarfe ko allon fiyofi mai kauri, ya zauna daram ba rata. A guji murfin roba, domin da ya ji wuta narkewa yake yana ɗiga a kan mutane. Kada a sa ta a kicin saman murhu. A sa ta a baranda ko lungun da ke tsakanin ɗakuna, inda kwano ya fi tashi, kuma inda mai gyara zai kafa tsani ba sai an shigar da baƙon namiji ɗakin uwargida ba. Gida mai sassa da yawa, kowane sashe da tasa.

Ƙofa kuma ba ta duba waya da kanta. Sau ɗaya a shekara, kafin hunturu, a kira ƙwararren mai wayarin ya hau da sassafe, tun kwano bai ɗau zafi ba. A kashe wutar KEDCO da janareto da inbata, a kuma tuna cewa wayar da ta sauko daga farantin sola tana da wuta muddin rana na sama. Mai wayarin ya taka katako kaɗai. Masu cusa tsohuwar katifa da kwalaye da littattafan yara a cikin silin, ku sauke su yau, itace kuke tara wa wuta.

Ga wani gargaɗi da ya kamata kowa a gida ya haddace. In ka ga hayaƙi na fitowa ta gefen murfin, ko ka taɓa ka ji zafi, kada ka buɗe don ka leƙa. Iskar da za ta shiga ita wutar ke jira. A kashe babban makunni, a fitar da yara da tsofaffi, a kira 'yan kwana-kwana.

Masu bene da ke da ƙofar fita saman rufi, inda tankin ruwa da sola suke, nasu a taƙaice ne. A ɗaga bakin ƙofar da bulo kamar santimita 15, murfin ya rufe bakin ya zarce, in ba haka ba ruwan Agusta zai sauko ta matakala. A shafa wa ƙarfen fenti saboda tsatsa. Sakata ta kasance ta ciki saboda ɓarayi, da kwaɗo saboda yara, mabuɗin a rataye inda manya suka sani. Tsani ya zama kafaffe a bango. Kuma kafin kowa ya hau, a aika yaro ya sanar da maƙwabta, kamar yadda magina ke yi tun zamanin soro, don matan gida su kimtsa.