Ba jabun mita ba ce, kai ka ƙona ta

Duk lokacin aikin kammala karatu sai ɗalibai sun kawo mini mita a ƙone, suna cewa jabu aka sayar musu. Labarin ɗaya ne: sun haɗa injin babur ko na janareta da moton DC don su gwada ƙarfin injin, moton ya koma janareta, su kuma suka bi da wutar ta cikin mitar hannu.

Ku yi lissafi mana! Injin da ke ba da kilowat 5 a kan bolt 24, wutarsa ta haura amfiya 200. Mitar hannu kuwa amfiya 10 aka rubuta a bakin raminta, ƙuru-ƙuru. In kun yi sa'a fis ne zai tafi. Mai araha da ba ta da fis a wannan ramin, waya ce za ta narke a hannunku. Ina mamakin malamin da ke sa hannu a kan irin wannan zane bai ce uffan ba.

Abin da ake sakawa shi ne shant, ɗan ƙarfen manganin mai kauri da wutar ke ratsawa. Mai amfiya 500 yana ba da milibolt 75 in ya cika, wannan 'yar wutar ce mita za ta karanta. Manyan kusoshinsa na kebul ne, ƙananan sukurori biyu na wayoyin mita. Kada ku ɗaura wayar mita a kan babban kusa. Na sake faɗa, kada ku yi, domin ɗan sakin da ke mahaɗar ya isa ya ɓata karatun gaba ɗaya. Kuma shant yana zafi, kada wutar da za ta daɗe tana bi ta wuce kashi biyu cikin uku na abin da aka rubuta.

Mita mai baki kamar filaya ma tana yi, amma sai wadda aka rubuta wa DC. Ta AC zalla ba ta ganin wannan wutar. A mayar da ita sifili kafin a maƙala.

Sannan bolt sau amfiya ba shi ne ƙarfin inji ba. Wani kaso ya salwanta a zafin kwayil da gawayi da boris. Mai son gaskiyar lamba ya ɗora moton yadda zai iya lilo, ya sa masa hannun ƙarfe da ke danna sikeli, ya auna murɗawa da gudu.

Kuma kada wanda ya cire kebul inji na kan aiki. Tartsatsin DC ba ya mutuwa da sauƙi, injin kuma zai zabura. A rage mai tukuna.