Darasi na Goma Sha Biyu: Harajin Gidaje a Birnin Legas

Ɗalibai, ku karanta wannan bayani a tsanake, sannan ku amsa tambayoyin da ke ƙasa.

Duk wanda ya mallaki gida a babban birni ya san takardar haraji. Wataƙila kun taɓa ganin iyayenku sun karɓe ta suna gunaguni. Me ya sa ake biyan wannan haraji, kuma ina kuɗin yake tafiya? Abin da ya faru a Legas zai taimaka mana mu fahimta.

A shekarar 2001 Jihar Legas ta haɗa haraji iri uku da masu gidaje suke biya, ta mayar da su guda ɗaya, wato harajin amfani da ƙasa. Ana ƙiyasta darajar fili da ginin da ke kansa, sannan a karɓi wani ɗan kaso a kowace shekara. Gidan da mai shi yake zaune a ciki yana biyan kaso kaɗan, ginin kasuwanci kuwa yana biyan fiye da haka. Ba a karɓar wannan haraji daga masallatai da coci-coci da maƙabartu.

A shekarar 2018, zamanin Gwamna Akinwunmi Ambode, aka sabunta dokar, harajin ya tashi ƙwarai. A wannan shekarar ce kasafin kuɗin jihar ya haura naira tiriliyan ɗaya a karon farko. Gwamnati ta ce jama'a suna ta ƙaruwa, kuma gyaran hanyoyi da magudanan ruwa da makarantu da asibitoci yana buƙatar kuɗi masu yawa. Masu gidaje kuma suka ce nauyin ya fi ƙarfinsu, domin darajar gida tana iya hauhawa alhali kuɗin shigar mai shi yana nan yadda yake. 'Yan kasuwa suka koka, lauyoyi suka yi zanga-zanga a Ikeja. A watan Maris gwamnati ta yi rangwame, har ta rage rabin harajin gine-ginen kasuwanci. A shekarar 2020 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta mayar da kason yadda yake kafin 2018.

Kada ku ɗauka cewa wannan magana ta masu gidaje ce kaɗai. Idan haraji ya ƙaru, sau da yawa mai gida yakan ƙara kuɗin haya, mai shago kuma ya ƙara farashin kaya. Hausawa suna cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Birni ba ya gyaruwa sai mazaunansa sun ba da nasu. Amma wanda ya biya yana da hakkin ya tambayi yadda aka kashe kuɗinsa, gwamnati kuma wajibi ne ta ba shi amsa.

Sababbin Kalmomi
haraji: kuɗin da doka ta wajabta a biya gwamnati
kasafin kuɗi: tsarin abin da gwamnati za ta samu da abin da za ta kashe a shekara
ƙiyasta: auna darajar abu
rangwame: ragi a kan abin da za a biya
jinka: rufin ɗaki na ciyawa

Tambayoyi
1. Yaya ake lissafa harajin amfani da ƙasa?
2. Wane dalili gwamnati ta bayar na ƙarin haraji a 2018?
3. Ta yaya ƙarin yake shafar ɗan haya?
4. A ɗauka harajin wani shago naira 80,000 ne. Nawa mai shi zai biya idan an rage rabi?

Aikin Gida
Ku rubuta wa shugaban ƙaramar hukumarku wasiƙa mai jimla goma. Ku faɗi aiki ɗaya da unguwarku ta fi buƙata, tare da dalilinku.