Kashi 69 Cikin 100 Na Wa? Nazarin Alƙaluman Fitowar Masu Zaɓe A Zaɓen Shugaban Ƙasar Nijar Na 2020-2021

Ranar 27 ga Disamba 2020 aka yi zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa a Nijar, inda ƴan takara 30 suka tsaya. Hukumar zaɓe ta CENI ta ce sama da kashi 69 cikin 100 na waɗanda ke cikin kundin zaɓe sun fito. A zagaye na biyu, ranar 21 ga Fabrairu 2021, tsakanin Mohamed Bazoum na PNDS-Tarayya da Mahamane Ousmane na RDR-Canji, adadin ya sauka zuwa kusan kashi 63. Kotun tsarin mulki ta tabbatar wa Bazoum kashi 55.66, Ousmane kuma 44.34. Waɗannan alƙaluma da Faransanci aka rubuta su, amma akasarin jama'a da Hausa ko Zabarmanci ko wani harshen ƙasa suka ji su a rediyo. A wajen wannan juyi daga harshe zuwa harshe ne mai nazarin harshe yake da abin cewa.

Faransancin hukuma yana rarrabe rukuni huɗu: “inscrits”, wato waɗanda aka rubuta cikin kundi, “votants”, waɗanda suka je rumfar zaɓe suka jefa takarda cikin akwati, “bulletins nuls”, takardun da suka lalace, da “suffrages exprimés”, ƙuri'un da aka amince da su. Hausar yau da kullum tana da kalma guda, “masu zaɓe”, wadda ke iya ɗaukar rukuni na farko da na biyu, har ma da duk wanda shekarunsa suka kai ya yi zaɓe. Dalilin yana cikin nahawu. Ginin “mai” ko “masu” da suna bai fayyace ko aikin ya auku ba. “Mai noma” sunansa mai noma ko da rani ne ana zaune. Haka “mai zaɓe” yana nan mai zaɓe ko ya kwana gida ranar zaɓen. Idan mai labarai ya ce “kashi 69 na masu zaɓe sun fito”, bai yi ƙarya ba. Idan kuwa ya sauƙaƙa ya ce “kashi 69 na ƴan ƙasa sun fito”, kamar yadda baki kan zame, to ya faɗi abin da bai faru ba, kuma tazarar ba ƙarama ba ce.

Lissafin ba shi da wuya. Kundin zaɓen 2020 yana ɗauke da sunaye kimanin miliyan 7.4. Al'ummar Nijar a lokacin ta kai wajen miliyan 24, bayan ƙidayar 2012 ta samu miliyan 17.1. Kusan rabin wannan al'umma ba su kai shekara 15 ba, abin da ya sa Nijar take cikin ƙasashen da suka fi yawan yara a duniya. Idan aka fitar da duk waɗanda ba su cika 18 ba, abin da ya rage bai wuce mutum miliyan 10 da ƴan kai ba. Waɗanda suka fito a zagayen farko sun ɗan haura miliyan 5. Saboda haka adadi guda yana da fuska uku: kashi 69 ne na masu rajista, wajen rabi ne na baligai, kuma bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na al'umma ba. Duk ukun daidai ne. Abin da ya raba su shi ne sunan da ke biyo bayan “na”.

Akwai wani abu da ya kamata a tsaya a kansa. Kundin zaɓen 2016 ya ƙunshi sunaye sama da miliyan 7.5, ke nan ya fi na 2020 kaɗan, alhali al'ummar ƙasa na ƙaruwa da fiye da kashi 3 cikin 100 kowace shekara. Jama'a ta ƙaru, kundi ya ragu. Sanadin shi ne an sake kundin daga tushe tsakanin 2019 da 2020, da hoto da zanen yatsu, kuma sai mutum ya kai kansa da takardar shaida kafin a rubuta shi. An bi garuruwa ana ba da takardun haihuwa ga waɗanda ba su da su, amma aikin bai kai ko'ina ba. Ƴan Nijar mazauna ƙasashen waje ba a yi musu rajista ba saboda annobar korona, kuma rashin tsaro ya kawo cikas a wasu wuraren jihar Tillaberi. Wanda ba a rubuta ba, ba ya cikin masu fitowa, ba ya kuma cikin marasa fitowa: lissafin bai san da shi ba. Ta wannan hanya ƙaramin kundi kan iya haifar da babban kashi, domin waɗanda suka jure wahalar rajista su ne dama suka fi niyyar zuwa rumfa.

Wannan ne ya sa kwatanta shekaru yake buƙatar hattara. A 1993, lokacin da Mahamane Ousmane ya ci zaɓen farko na jam'iyyu da yawa, fitowar ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku da kaɗan ba. A 1999 da 2004 ta tsaya tsakanin kusan 40 da ƙasa da 50. A 2011 ta zagaya rabi. A zagayen farko na 2016 ta kai kusan 67. Hawan a fili yake, sai dai kowane adadi da kundinsa da dokarsa. A 2016, alal misali, an amince da zaɓe ta hanyar shaidu, inda mutum marar takarda zai iya jefa ƙuri'a idan mutum biyu suka shaida shi ne, abin da ƴan adawa suka yi ta suka a kai. Wanda ya jera waɗannan alƙaluma a layi ɗaya ba tare da bayani ba, awo yake yi da mudu daban-daban.

Zagaye na biyu na 2016 ya fito da wata matsalar ma'ana. Ranar 20 ga Maris aka yi shi, Hama Amadou yana tsare tun watan Nuwamba sannan aka kai shi Faransa jinya, ƙawancen ƴan adawa kuma ya yi kira da kada a fito. Issoufou Mahamadou ya samu sama da kashi 92, hukuma ta ce fitowa ta kusa kashi 60, ƴan adawa suka musanta. Faransanci yana da “abstention” ga duk wanda bai jefa ƙuri'a ba, ko da wane dalili. Masu fassara kan mayar da ita “ƙauracewa”. Amma fi'ilin “ƙaurace” yana ɗauke da niyya: mutum ba ya ƙaurace wa abu sai da gangan, cikin fushi ko ƙyama. Matar da ta haihu daren zaɓe ba ta ƙaurace ba, makiyayin da ke nesa da rumfa bai ƙaurace ba. “Rashin fitowa” ita ce kalmar da ba ta ɗauki ɓangare ba. Mai fassarar da ya zaɓi ɗaya a madadin ɗayar ya yanke hukuncin siyasa, ko ya sani ko bai sani ba.

Ta fuskar jinsi, mata sun zarce rabin sunayen da ke kundin 2020. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san karkarar Tawa da Maraɗi da Damagaram. Daga an gama girbi samari da magidanta kan tafi cirani Nijeriya ko Libiya ko Aljeriya ko Kodebuwa, ba su dawowa sai damina ta kusa. Disamba da Fabrairu tsakiyar cirani ne. Sai dai a nan ma akwai iyaka: kundi yana faɗin yawan matan da aka rubuta, akwati kuwa ba ya faɗin wa mace ta zaɓa, tun da ƙuri'a asiri ce.

Wannan iyaka ta fi tsanani wajen batun harshe da ƙabila. Jihohin Damagaram da Maraɗi da Tawa kowacce ta haura mutum miliyan 3 a ƙidayar 2012, su ukun sun fi rabin ƙasa, kuma Hausa ce ta fi rinjaye cikinsu. Daga nan wasu kan yi saurin maganar “ƙuri'ar Hausawa”. Sakamakon 2021 bai goyi bayan wannan magana ba. Tawa, cibiyar PNDS, ta ba Bazoum, wanda Balarabe ne, gagarumin rinjaye. Birnin Damagaram ya bi ɗansa Ousmane. Yamai, inda Zabarmanci ke da ƙarfi, ita ma Ousmane ta bi da babbar tazara, bayan Hama Amadou, wanda kotu ta hana shi takara, ya mara masa baya. Takardar zaɓe ba ta da gurbin harshen uwa. Abin da aka sani sakamakon wuri ne, kuma wuri ba mutum ba ne. A kasuwar Yamai kaɗai ana iya jin harsuna huɗu cikin ciniki guda. Abin da za a iya tabbatarwa shi ne Hausa ce ta mamaye sunayen jam'iyyu: Tarayya, Nasara, Rahama, Lumana, Jamhuriya, Kishin Ƙasa, Zaman Lahiya. Na ƙarshen ma yana ɗauke da lafazin Hausar yamma, “h” a gurbin “f”, ita kuwa “Canji” aron Ingilishi ce da aka saba rubutawa da ƙa'idar Faransanci, “Tchanji”. Wannan shaida ce ta harshen yaƙin neman zaɓe, ba ta yadda aka jefa ƙuri'a ba.

Rukunin da aka fi mantawa shi ne na ƙuri'un da suka lalace. Kimanin mutum ɗaya cikin uku na baligan Nijar ne ke iya karatu da rubutu. Takardar zaɓen guda ce, mai hotunan ƴan takara da alamomin jam'iyyu, ana dangwala yatsa gaban wanda ake so. A zagayen farko, da fuskoki 30 a takarda ɗaya, ga kuma zaɓen ƴan majalisa a rana guda, ƙuri'un da suka lalace sun kai wajen 400,000. A zagaye na biyu, da fuska biyu kacal, sun ragu da kusan rabi. Masu waɗannan ƙuri'u an ƙidaya su cikin kashi 69, domin sun fito, amma ba sa cikin kashi 39 na Bazoum ko 17 na Ousmane, domin waɗannan daga ingantattun ƙuri'u ake lissafa su. Cikin sanarwa ɗaya, “kashi” biyu na iya kasancewa da uwa daban.

Ba a rufe zaɓen 2021 cikin natsuwa ba. Ranar zagaye na biyu, nakiya ta tashi da motar ma'aikatan zaɓe a jihar Tillaberi, mutum bakwai suka rasu. Ousmane ya ƙi amincewa da sakamakon, kuma cikin hujjojinsa akwai adadin fitowa da ya ce ya wuce kima a wasu yankunan makiyaya, har ya ambaci Timia a jihar Agadas inda ya ce an haura kashi 100. Kotu ba ta sauya wanda ya ci ba, aka rantsar da Bazoum ranar 2 ga Afrilu 2021. Sojoji sun kifar da shi ranar 26 ga Yuli 2023. A watan Maris 2025 aka rusa jam'iyyun siyasa, kuma sabuwar dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Duk ranar da aka koma rumfar zaɓe, akwai yiwuwar a rubuta sakamako da Hausa tun daga hukuma, ba a bakin mai fassara ba. Kafin nan ana buƙatar kalmomi huɗu tsayayyu da kowa ya yarda da su: masu rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'a, ƙuri'un da suka lalace, da ingantattun ƙuri'u.