Ga mai sammako daga Bazaga zuwa aiki

Wanda ke kwana Bazaga, aikinsa kuwa na Birnin Ƙonni, ko ma can gaba a masana'antar siminti ta Malbaza, ya san hanya na cin ƙarfi tun kafin aiki ya ci nasa. Shawarata ta farko, ka gama shiri tun da dare: mai a moto, iska a taya, ruwa a gora. Neman mai faci da asuba wahala ce.

In kabu-kabu kake hawa, riƙe mutum guda, ku yi jinga ta mako ko ta wata. Zai san ƙofar gidanka, kuɗin ma ya sauka. Abokan aiki biyu kuwa su yi karo-karon kuɗin mai.

A watan Afrilu da Mayu, bi sanyin safiya, don zafin azahar bisa kwalta ba wasa ba ne. Lokacin hunturu, naɗa rawani ka rufe hanci, amma rawani ba hular kwano ba ne, kada a ruɗe ka. Manyan motocin kaya kuma ba su san gajiyarka ba. In barci ya fara fizgarka, don Allah ɗan'uwa, sauka gefe ka wanke fuska.