Shin Faransawa Na Da Nasu Fim Na Barkwanci Kan Ɗan Koyon Bincike?

Tambaya: Na kalli Sufeto Clouseau a fim ɗin The Pink Panther, na sha dariya. Shin fim ɗin Faransa ne? In ba haka ba, wanne ne nasu? Daga wani mai karatu a Damagaram.

Amsa: Malam, ba kai kaɗai ne sunan Clouseau ya ruɗa ba. The Pink Panther na 1963 fim ne na Amurka, Blake Edwards ya ba da umarni, Peter Sellers kuwa ɗan Ingila ne da ya ari bakin Faransawa. Amma Faransawa sun riga shi shiga wannan fage tun zamanin fim marar magana. A 1908 Victorin Jasset ya yi wa kamfanin Éclair jerin finafinan jami'in bincike Nick Carter, ba a jima ba Pathé ya fito da nasa, Nick Winter.

Wanda nake so ka nema shi ne Baisers volés na François Truffaut, 1968. Jean-Pierre Léaud ya fito a matsayin Antoine Doinel, saurayin da aka sallama daga soja, ya samu aikin dare a otal aka kore shi, sannan ya faɗa kamfanin bincike mai zaman kansa a Paris. Ya ɗauki aikin da zuciya ɗaya, sai dai hannunsa bai faɗa ba. An sa shi bin wata mata a titi, yana ta laɓe-laɓe a bainar jama'a har ta gane shi ta kai ƙara wajen ɗan sanda.

Inda fim ɗin ya fi armashi shi ne shagon takalma. Mai shagon, Monsieur Tabard, ya zo kamfanin da wata damuwa mai taɓa zuciya: yana so a binciko masa dalilin da ya sa ba mai ƙaunarsa. Aka shirya a shigar da Antoine cikin ma'aikata, aka yi gwajin naɗe kwalin takalmi na jeka-na-yi-ka. Nasa ya fi na kowa muni, shi kuma aka ɗauka. Maimakon ya sa ido kan masu sayar da takalma, sai hankalinsa ya tafi kan matar maigidan, wadda Delphine Seyrig ta fito a matsayinta. Ranar da ta yi masa tambaya suna shan kofi, ruɗewa ta sa ya amsa mata kamar yana magana da namiji, ya zubar da kofin, ya ranta a na kare.

A ganina nan ne bambancinsa da Clouseau. Shi Clouseau cike yake da yarda da kansa, shi ya sa muke masa dariya. Antoine kuwa yaro ne mai neman abin yi, an ɗora masa leƙen rayuwar wasu alhali tasa ba ta zauna ba, don haka dariyar tana tafe da tausayi. Bayan an sallame shi daga binciken ma, gyaran talabijin ya koma.

Tunda a Damagaram kake, watakila Faransanci ba zai ba ka wahala ba. Ka kalle shi da harshensa na asali, ka fara da Les Quatre Cents Coups na 1959, inda aka nuna ƙuruciyar Antoine.